Rariyar Intanet da 'Yan Takarar Amurka, 1996 zuwa 2003

Abin da nake so mu duba a wannan maƙala shi ne tarihin wata na'ura da aka ƙera a Amurka don kare yara, sai ga ta tana toshe bakin 'yan siyasa. Na'urar nan manhaja ce da ake sakawa a kwamfuta don ta tace shafukan intanet, ta bar na kirki su wuce, ta tare na batsa. Da fari na so in kira ta matata, amma sai na tuna cewa in na rubuta "matata ta hana ni karatu", wani zai zaci rigimar cikin gida na kawo muku, alhali ko aure ban yi ba. Saboda haka rariya zan kira ta. Amma ku riƙe wannan misali, domin shi ne tushen matsalar: mai karatu yana duban zance ya gane wace "matata" ake nufi, ita kuwa na'urar wancan zamani haruffa kurum take gani.

Asalin maganar ya faro ne a watan Fabrairu na 1996, sa'ad da Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan wata doka da ta haramta nuna wa yara abubuwan rashin ɗa'a a intanet. A watan Yuni na 1997 Kotun Ƙoli ta soke wannan sashe na dokar, ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. To, da doka ta faɗi, sai hankali ya koma ga kamfanoni masu sayar da rariya, irin su Cyber Patrol da SurfWatch da CYBERsitter da Net Nanny. Iyaye suka saya, makarantu da ɗakunan karatu suka bi sahu.

Aikin rariyar iri biyu ne. Akwai jerin kalmomi da aka ba ta, duk shafin da ta ga ɗaya daga cikinsu sai ta rufe. Akwai kuma jerin sunayen shafuka da kamfani ya tara, yana cewa ma'aikatansa sun duba. To amma shafukan duniya sun fi ƙarfin idon ma'aikata, don haka na'ura ce ke yawon tattarowa. Wani lokaci ma shafuka da yawa suna zaune a kan babbar kwamfuta guda, laifin ɗaya sai ya shafi dukkan maƙwabtansa. Tun a 1996 aka fara ganin abin dariya: SurfWatch ta rufe wani shafi na Fadar Shugaban Amurka saboda kalmar Turanci mai nufin "ma'aurata" da ke jikinsa, alhali ma'auratan nan su ne Clinton da matarsa, da mataimakinsa Al Gore da tasa matar. A wannan shekara kuma kamfanin AOL ya hana mutanen garin Scunthorpe na Ingila yin rajista, don akwai kalmar ashar a ɓoye cikin sunan garinsu. Ni dai da na karanta wannan sai na tausaya wa duk mai suna Shitu, domin haruffa huɗun farko na sunansa ƙazanta ne a Turanci.

Sai dai ba kowane rufewa ne kuskure ba, kuma a nan ne dariya ke ƙarewa. A 1996 ɗin 'yan jarida suka gano CYBERsitter ta rufe shafin babbar ƙungiyar kare haƙƙin mata ta Amurka da ake kira NOW, kamfanin kuma bai musa ba, ya ce shafin na kai mutum ga abubuwan da shi bai yarda da su ba. Wani matashi mai suna Bennett Haselton ya kafa ƙungiyar Peacefire don bin diddigin irin wannan, sai CYBERsitter ta rufe shafinsa shi ma. Ga shi kuma jerin shafukan da aka rufe a kulle yake, kamfanoni na cewa sirrin kasuwancinsu ne. A watan Maris na 2000 wasu masana kwamfuta biyu, Eddy Jansson na Suwidin da Matthew Skala na Kanada, suka buɗe kullin jerin Cyber Patrol. Kamfanin Mattel, mai yin 'yartsanar yara, wanda shi ke da Cyber Patrol a lokacin, ya maka su a kotu, har suka janye aikinsu. Wato ke nan makarantar gwamnati tana biyan kuɗi a rufe wa ɗalibanta shafuka, amma ko shugaban makarantar ba shi da ikon ganin cikakken jerin abin da aka rufe.

Shekarar zaɓe ta 2000 ita ta fito da abin fili. Dick Armey, jagoran masu rinjaye a Majalisar Wakilai, yana cikin masu goyon bayan rariya ƙwarai. Sai aka tarar rariyoyi da dama sun rufe shafinsa, domin sunansa na fari, wanda gajarta Richard ne, a bakin 'yan tasha yana nufin al'aurar namiji. Kaikayi ya koma kan masheƙiya. A watan Nuwamba kuma Peacefire ta fitar da rahoto cewa Cyber Patrol da wata rariya mai suna Bess, wadda makarantu da yawa ke amfani da ita, sun rufe shafukan 'yan takara da dama daga jam'iyyu daban-daban. Daga cikinsu akwai Jeffery Pollock, ɗan jam'iyyar Rifablikan mai neman kujerar Majalisar Wakilai daga jihar Oregon. Shi ma da can yana goyon bayan a tilasta saka rariya. Da ya ga shafin yaƙin neman zaɓensa a rufe, sai ya sake ra'ayi.

A ganina labarin Pollock ya fi na Armey nauyi. Armey babban mutum ne, 'yan jarida na biye da shi, rufe shafinsa bai rage shi da komai ba. Amma ƙaramin ɗan takara, wanda ba shi da kuɗin sayen fili a talabijin, shafin nan shi ne dandalinsa kuma shi ne lasifikarsa. Kamfani ba ya aiko masa da takarda ya ce an rufe ka. Shi a gidansa shafin na buɗewa lafiya lau, yana zaton jama'a na karantawa. Wa kuma aka hana gani? Ba mai hali ba ne, domin shi yana da kwamfutarsa a gida. Talaka ne da ɗalibi, waɗanda sai sun je ɗakin karatu na gari ko na makaranta suke samun intanet.

Duk da haka, a watan Disamba na 2000 Clinton ya sa hannu a kan dokar da ake kira CIPA, wadda ta ce duk makaranta ko ɗakin karatu da ke karɓar tallafin intanet daga gwamnatin tarayya dole ya saka rariya. Ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu ta Amurka da masu kare 'yancin jama'a suka kai ƙara, Pollock kuwa yana cikin masu ƙarar. A watan Mayu na 2002 alƙalai uku a Filadelfiya suka ba su gaskiya, suka ce rariya na rufe ɗimbin shafukan da ba su da laifi. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara. A watan Yuni na 2003 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta tabbatar da dokar, bisa hujjar cewa baligi na iya roƙon ma'aikaci ya buɗe masa shafin da aka rufe. Wannan hujja ba ta gamsar da ni ba. Ta yaya mutum zai roƙi a buɗe masa shafin da bai san abin da ke cikinsa ba? Kuma wane ne zai so ya tsaya gaban ma'aikaci, mutane na jin sa, ya nemi a buɗe masa abin da allon kwamfuta ya riga ya nuna cewa haramtacce ne?

Kada kuma a ɗauka Amurka ce kaɗai ta sha wannan. A Ingila, a watan Disamba na 2013, an ba da labarin cewa rariyar wani kamfanin waya ta rufe shafin Claire Perry, 'yar majalisar da ta fi kowa matsa wa a saka rariya a gidaje. Tun kafin wannan ma, a watan Fabrairu na 2003, rariyar da aka saka wa wasiƙun 'yan majalisar ƙasar ta tare saƙonnin da ke magana a kan ƙudurin dokar laifuffukan jima'i da su kansu suke muhawara a kansa, ta tare takardar da jam'iyyar Liberal Democrat ta shirya a kan tace labarai, ta kuma tare wasiƙar da aka rubuta da harshen mutanen yankin Wales, domin ba ta san harshen ba.