Wilberforce: Sunan Kwari Da Ya Zama Sunan 'Yanci

Ya kai mai karatu, wataƙila ka taɓa jin an kira wani Wilberforce a ikilisiya, ko ka tuna da Wilberforce Juta wanda ya yi gwamnan tsohuwar Jihar Gongola a 1983. A wurinmu sunan yanka ne, amma a Ingila sunan zuriya ne. Asalinsa wani ƙauye ne, Wilberfoss, kusa da birnin York, ma'anarsa kuwa "kwarin Wilburg", wato magudanar ruwa da aka jingina wa wata mace ta zamanin dā. Babu wata ɗaukaka a ciki.

To, me ya kawo sunan kwari bakin Kiristocin Arewa? Rayuwar mutum ɗaya ce. An haifi William Wilberforce a Hull a 1759, ya shiga majalisar dokoki yana ɗan shekara 21. Bayan ya ba da ransa ga Almasihu, ya so ya bar siyasa, amma fasto John Newton ya shawarce shi ya tsaya ya bauta wa Allah a nan. Shekara ashirin yana yaƙi da cinikin bayi, ana kayar da ƙudurinsa yana sake kawowa, har aka haramta cinikin a 1807.

Albarkar ta iso gare mu. Saboda wannan doka jiragen ruwan Ingila suka ceto yaro Ajayi a 1822, wanda ya zama Bishop Crowther a 1864. Wilberforce yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar CMS a 1799, ita ce ta aiko Dokta Walter Miller Zariya, wanda ya yi aiki tuƙuru a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Yau a yankin Gusau, Tsafe da Bungudu ana sace mutane, ana yi musu kuɗi kamar dabbar kasuwa, Kirista da Musulmi duka. Ɗan'uwa, wanda ya gaji wannan suna, ko sunan Almasihu da ya fi shi, ba zai yi shiru ba. Ka ziyarci gidan da aka ɗauke wa mai gida. Ka ba da gudummawarka. Kada ka sayi abin da ka san na sata ne, komai arharsa.

Ubangiji ya sa halinmu ya ɗaukaka sunan da muke amsawa. Amin.