TR-808: Gangar Lantarkin da Ta Yi Suna a Kasuwar Gwanjo

A 1980 na'urori biyu suka shigo kasuwa, kowacce na neman tsayawa a madadin makaɗin ganga. Ta farko ita ce LM-1, wadda Roger Linn ya ƙera a Amurka, aka naɗi sautin ganguna na gaske aka zuba mata. Kuɗinta ya kai kusan dala 5,000, don haka sai manyan mawaƙa irin su Prince ke iya mallakarta. Ta biyu kuwa TR-808 ce, ta kamfanin Roland da Ikutaro Kakehashi ya kafa a Osaka ta Japan a 1972, kuma dala 1,195 ake sayar da ita.

Arahar tana da dalili. A wancan zamani kayan adana sauti suna da ɗan karen tsada, sai injiniyoyin Roland suka haƙura da naɗar ganga, suka haɗa kowane amo da lantarki zalla. Ƙwararru suka saurara, suka ce wannan ko kusa ba ganga ba ce. Ciniki ya ƙi, aka daina ƙera ta a 1983 bayan an fitar da kusan guda 12,000.

Amma wanda ya zauna gabanta ya san abin da take da shi. Maɓallai 16 ne a jere, ja da ruwan lemo da rawaya da fari. Mutum ya zaɓi babbar ganga ya danna inda yake so ta faɗa, ya koma kan tafi ya yi haka, nan take kiɗa ya tashi yana maimaita kansa. In ya murɗa wani ɗan makunni, amon babbar gangar sai ya ja tsawo, ya yi zurfi har a ji shi a ƙirji. Ba sai ya taɓa riƙe sandar kiɗa ba.

Tun kafin a daina ƙera ta, a 1982, Afrika Bambaataa ya ɗora waƙarsa "Planet Rock" a kanta, Marvin Gaye ma ya yi "Sexual Healing" da ita. Sai dai babban tasirinta daga shagunan gwanjo ya fito, inda farashinta ya faɗi ƙasa da dala 100. Matasa baƙar fata da ba su da halin biyan situdiyo suka kwashe ta. A Detroit ta shiga kiɗan techno, a Chicago ta shiga kiɗan house, a Miami kuma amonta ya riƙa jijjiga motoci. Daga baya makaɗan trap na Atlanta suka gina salonsu a kan wannan amo, har Kanye West ya sa sunanta a kundinsa na 2008.

Yau tsohuwar 808 dubban daloli ake sayenta. Masu ƙaramin ƙarfi sun koma ga TR-08 da Roland ya fitar a 2017, ko RD-8 ta kamfanin Behringer, ko kuma su sauke sautukanta a kwamfuta.