Dandali a Bayan Mota: Tarihin Wasan Kwaikwayon Leburorin Gona a Amurka

Idan ana maganar wasan kwaikwayo, hankalinmu kan koma ga ginannen dandali da ƙwararrun 'yan wasa. A nan kuwa za mu waiwayi wani wasa da aka haifa a bakin gona.

A watan Satumba na 1965, leburorin gonakin inabi 'yan asalin Filifin suka shiga yajin aiki a garin Delano na jihar Kalifoniya saboda ƙarancin lada. Bayan mako guda, takwarorinsu 'yan asalin Meziko, ƙarƙashin jagorancin Cesar Chavez da Dolores Huerta, suka mara musu baya. A wannan shekara ce Luis Valdez, wanda shi ma ɗan leburori ne haifaffen Delano, ya kafa ƙungiyar El Teatro Campesino, wato wasan kwaikwayon ma'aikatan gona.

'Yan wasan su ne leburorin da kansu, dandalinsu kuwa bayan buɗaɗɗiyar motar ɗaukar kaya. Kowa kan rataya kwali a wuya mai nuna ko shi wane ne: maigida, ko ɗan yaji, ko mai karya yaji. Wasannin gajeru ne, cike da barkwanci, cikin Sifaniyanci gauraye da Ingilishi. A ɗaya daga cikinsu, maigida mai fuskar alade ya yi musayar matsayi da lebura don ya nuna masa wai talaka ya fi shi jin daɗi. Da leburan ya ɗora fuskar, sai ya ƙi mayarwa, reshe ya juye da mujiya. Duk wanda ya yi wa ubangidansa dariya a bainar jama'a, tsoronsa ya ragu ke nan.

A 1966 ƙungiyar ta bi tattakin kimanin mil 300 daga Delano zuwa Sacramento, babban birnin jihar, tana wasa a zango-zango. Yajin ya kai 1970 kafin masu gonaki su sa hannu a yarjejeniya. A 1971 'yan wasan suka tare a San Juan Bautista, sannan a 1979 wasan Valdez mai suna Zoot Suit ya hau dandalin Broadway a New York.

Darasin da muka tsinta shi ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙarfin wannan wasa ya zo ne daga barin masu kukan su faɗi kukansu da bakinsu.