Daga kafireto zuwa ƙwaƙwalwa: tarihin injin mota a ƙasar Gobir

Hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Goronyo zuwa Sabon Birni, ta karkata Isa har ta sauka Shinkafi, tsofaffin motoci ne ke ɗauke da ita: Golf ɗin haya da ragowar a-kori-kura masu jigilar gero da albasa. A cikin injinan waɗannan motoci akwai wata tsohuwar takaddama tsakanin kafireto da injekta, wadda kanikawanmu suka yanke wa hukunci sau biyu, kuma hukunci na biyu ya saɓa wa na farko.

Injin fetur yana buƙatar a gauraya masa iska da mai bisa ƙa'ida, kimanin awo 14.7 na iska ga awo ɗaya na fetur. Kafireto yana yin wannan aiki ba tare da lantarki ba: iskar da inji ya zuƙa takan ratsa wani matsattsen maƙogwaro, ta janyo mai ta ƙananan ramuka. Da sukundireba da kunne mai jin karar inji, bakanike zai saita shi a gindin bishiya. A kansa ne ilmin kanikanci ya ginu a Arewa, musamman bayan da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. Ƙirar 504, wadda aka ci gaba da haɗawa a can har tsakiyar shekarun 2000, ita ce makarantar da mafi yawan iyayen gidan garejin yau suka yi karatu a cikinta.

A daidai wannan lokaci Turai da Amurka sun riga sun kama wata hanya. A 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin D-Jetronic a cikin Volkswagen 1600, inda akwatin lantarki ke ƙayyade yawan man da za a fesa wa inji. A 1976 Volvo ta fara amfani da na'urar da ke shinshinar iskar oksijin a salansa, sannan a 1979 tsarin Motronic ya haɗa sarrafa mai da sarrafa wutar fulogi a akwati guda. Dokokin rage hayaƙi ne suka ingiza wannan sauyi. Da ƙa'idar Euro 1 ta fara aiki a 1992, kafireto ya kusan ɓacewa daga sababbin motocin Turai.

Sauyin ya iso mana ta hannu na biyu. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, kasuwa ta koma kan 'yan Baljiyam da 'yan Kwatano. Da yawansu sukan sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su haura ta Jamhuriyar Nijar, su shigo ta iyakokin da ke fuskantar Ƙonni da Maraɗi. Ga Bagobiri, wanda danginsa ke Tsibiri tun bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, wannan iyaka ba baƙuwa ba ce. Motocin kuwa sun zo da abin da aka raɗa wa suna ƙwaƙwalwar mota, ba tare da littafi ko na'urar bincike ba.

Hukuncin farko na gareji shi ne a cire. Idan injekta ta fara shaƙewa, sai a kwance ta, a ɗora kafireto, a yanke wayoyin da ba a gane kansu ba. Akwai hujja a cikin haka. Fetur mai darma, wanda ake sayarwa a Najeriya har farkon shekarun 2000, yana kashe na'urar oksijin. Man jarka mai ƙura da ruwa yana toshe bakin injekta, wanda raminsa bai kai kaurin allura ba. Mai kuma yana da araha, don haka ɗan abin da kafireto ke ɓarnatarwa bai dami kowa ba.

Ranar 29 ga Mayu 2023 ta rushe wannan lissafi. Da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. A garuruwan iyaka abin ya zo kan wani ciwon, domin tun a Nuwamba 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Direban da ya yi murnar rabuwa da injekta sai ya koma neman yadda za a mayar masa da ita, kuma sabon akwati ya fi ƙarfin aljihunsa. Mafita ita ce ƙwaƙwalwar kwance, daga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas.

A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado take tabbata. Ƙwaƙwalwa ita kaɗai ba ta tayar da mota. An tsara kowane akwati ne don inji mai wani girma da wasu injektoci na musamman, saboda haka lambar da ke jikinsa dole ta dace da injin. Yana buƙatar kayan wayoyinsa cikakku, da na'urorin da ke gaya masa juyin inji, da zafin ruwa, da yawan iska, da zurfin taka totur. Famfon kafireto ba ya wadatarwa, domin injekta tana son matsi kusan ba uku, da matata mai kyau, da bututun da ke mayar da ragowar mai tanki. Tiyon da bai jure wannan matsi ba gobara ce ke jiran lokaci. Motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 kuma yawanci suna da makullin lantarki na hana sata: idan ba a sayo akwatin tare da mabuɗinsa da na'urar da ke karanta shi ba, inji zai yi ta juyawa ba ya kamawa.

Akwai kuma al'adar da aka gada daga zamanin kafireto, ta cire tamostat wai don kada inji ya yi zafi. Idan ruwa bai kai zafin da ake so ba, ƙwaƙwalwa takan ɗauka inji bai ɗumama ba, ta ci gaba da ƙara mai. Haka mutum zai kashe kuɗin juyi, motar kuma ta ci gaba da shan man da ya gudu daga gare shi.

A wannan yanki maganar ta wuce ta kuɗi. A Disamba 2021 'yan bindiga suka tare motar matafiya kusa da Gidan Bawa, tsakanin Sabon Birni da Isa, suka ƙone ta da mutane a ciki. Direban da ke bin irin wannan hanya yana auna mota da tambaya guda: idan ta mutu a daji, za ta tashi? Kafireto ana iya busa shi a bakin hanya. Injekta da aka haɗa da kyau ba ta cika mutuwa ba, amma wadda aka haɗa da wayoyi masu tabo takan tsaya ba sallama, kuma mai na'urar da zai karanta laifinta yana iya kasancewa a Sakkwato ko Gusau.

Abin da tarihin ya nuna shi ne fasahar ta riga iliminta isowa da kusan shekara talatin. Cike wannan giɓi ba ya buƙatar masana'anta. Na'urar karanta lambobin laifi ta OBD, wadda ta zama doka a Amurka tun 1996, yanzu tana aiki da wayar hannu. Da ƙungiyoyin kanikawa da kwalejojin fasaha na jihar Sakkwato za su koya wa yaran gareji karanta zanen wayoyi da amfani da mita, da direban Turba ya sami wanda zai duba masa lambar akwati kafin ya biya kuɗinsa.