TARIHI: Henry Raeburn, maraya da ya zana fuskokin garinsu

'Yan uwa, yau za mu leƙa ƙasar Sikotland, a arewacin Birtaniya, mu ji tarihin wani mai zanen hotunan mutane da ya ƙi barin garinsu a lokacin da mafi yawan masu irin basirarsa suke kwasar kaya zuwa Landan.

An haifi Henry Raeburn ranar 4 ga Maris, 1756, a Stockbridge, wani ƙauye da yanzu ya zama unguwa a cikin birnin Edinbura. Iyayensa sun rasu tun yana ƙarami, aka sa shi a makarantar Heriot, wadda aka kafa don marayu. Yana ɗan shekara 15 aka kai shi koyon sana'a wajen wani maƙerin zinariya. A nan ya fara zana ƙananan hotunan fuska, irin waɗanda ake sawa a jikin kayan ado, daga baya ya koma manyan zane da fenti. Yawancin abin da ya iya, da kansa ya koya.

Ya auri wata bazawara mai dukiya, Ann Edgar, hakan ya ba shi damar zuwa Italiya ya ƙara ilimi. Ya dawo gida ya buɗe ɗakin aikinsa a Edinbura a 1787.

A zamanin nan Landan ce kasuwar masu zane, can fadar sarki da manyan attajirai suke. Allan Ramsay, ɗan Edinbura da ya riga shi, can ya koma har ya zama mai zanen Sarki George na Uku. David Wilkie ma can ya tafi. Raeburn kuwa ya zauna, duk da cewa a 1808 kasuwancin ɗansa da ya sa hannu a ciki ya rushe, bashi ya yi masa katutu har ya karye. A 1810 ya je Landan ya duba ko zai koma can, amma ya dawo gida ya ci gaba da aiki.

Zamansa ya zo daidai da lokacin da Edinbura ta cika da malamai, likitoci, alƙalai da marubuta, kuma babu kyamara a duniya, sai a 1839 aka bayyana fasahar ɗaukar hoto ga jama'a. Wanda ba a zana shi ba, da ya mutu kamanninsa sun ɓace. Raeburn ya zana marubuci Walter Scott, da makaɗin goge Niel Gow, da shugabannin dangogin yankin tsaunuka cikin tufafinsu na gargajiya. Ba ya fara zane a takarda, kai tsaye yake ɗora fenti yana kallon mutumin. Ɗakin aikinsa na York Place yana da babbar taga mai marufai, da su yake daidaita hasken da ke sauka a fuska.

Girma kuma ya same shi har gida. A 1815 ya zama cikakken mamba a Royal Academy ta Landan. Da Sarki George na Huɗu ya ziyarci Sikotland a 1822, ya ba shi sarautar Sir. Shekara ta zagayo aka naɗa shi mai zanen sarki a Sikotland, sai dai bai daɗe ba ya rasu ranar 8 ga Yuli, 1823, yana da shekara 67.

Da ya koma Landan, mai yiwuwa da ya zama ɗaya cikin masu zane da yawa da ke rububin manyan Ingila. Da yake ya zauna, yau duk mai son ganin mutanen Edinbura na wancan zamani, wajen zanensa yake zuwa, a gidajen adana hotuna na ƙasar.