Maikolakton: Tarihin Dafin Gyambon Buruli

Maikolakton dafi ne mai maiƙo da ƙwayar cutar Mycobacterium ulcerans ke fitarwa, kuma shi ke haddasa gyambon Buruli. Ƙwayar 'yar dangin masu kawo kuturta da tarin fuka ce, amma ta bambanta da su wajen dogaro da wannan dafi.

A shekarar 1897 Albert Cook, likitan mishan a Kampala, ya rubuta bayanin wasu manyan gyambuna da ake ganin irin wannan cuta ce. Sai a 1948 Peter MacCallum da abokan aikinsa suka ware ƙwayar daga majinyata shida na yankin Bairnsdale a Ostareliya. Sunan Buruli kuwa daga wata gunduma ce ta Uganda kusa da kogin Nilu, inda cutar ta yi yawa a shekarun 1960.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai shi ne shirun wannan ciwo. Yakan fara da ɗan ƙullutu a hannu ko ƙafa, ya ci kitsen ƙarƙashin fata, sannan ya fashe. Bakin gyambon ya rarake ta ciki, har auduga kan shige ƙarƙashin fatar da ake gani lafiyayya. Amma sau da yawa babu raɗaɗi, babu zazzaɓi. In aka duba naman a madubin likita, sai a ga ƙwayoyin cuta dunƙule a tsakiya, fararen ƙwayoyin jini kuwa sun tsaya daga nesa. Wannan shiru ne ke sa a makara zuwa asibiti, kuma a Afirka yara ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa.

Tun shekarun 1960 aka yi zargin akwai dafi, amma sai a 1999 Kathleen George da Pamela Small da tawagarsu a Amurka suka tace shi, suka raɗa masa suna. Da suka yi wa ɓeran Masar allurarsa shi kaɗai, sai ga ciwo irin na cutar. A 2004 Tim Stinear da abokansa suka nuna cewa umarnin haɗa dafin yana kan wani zoben gado da ƙwayar ke ɗauke da shi.

Yadda dafin yake danne garkuwar jiki ya bayyana ne tsakanin 2014 da 2016, ta binciken Rachel Simmonds a Jami'ar Surrey ta Ingila da na Caroline Demangel a Cibiyar Pasteur ta Faransa. A cikin tantanin jiki akwai wata mashiga mai suna Sec61, wadda furotin da za a fitar waje ke bi. Dafin yakan toshe ta, kamar a kulle ƙofar gari alhali masu kai labarin hari suna ciki. Sinadaran da ke kiran dakarun garkuwa ba sa fita, sai a lalata su a cikin tantanin. In toshewar ta daɗe, tantanin ya mutu. Wani bincike na 2014 ya kuma nuna dafin yana kashe kaifin jijiyoyin jin zafi.

Wannan sani ya warware wani ruɗani a asibiti. Bayan an fara magani, wani lokaci ciwon kan ƙara kumbura, ko sabo ya ɓullo, har a zaci maganin bai karɓa ba. Alhali dafin ne ya ragu, garkuwa ta farfaɗo ta far wa sauran ƙwayoyin. Bai kamata majinyaci ya bar shan magani a wannan gaɓa ba.

A da, yanke nama da dashen fata ne hanyar da aka sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin yaƙi da cutar a 1998, ta kuma ba da shawarar rifampicin da allurar streptomycin a 2004. Yanzu ana shan rifampicin da clarithromycin na mako takwas. An samu cutar a ƙasashe fiye da 30, ciki har da Ghana, Benin, Kwaddebuwa, Kamaru da Najeriya, galibi a ƙauyukan da ke kusa da fadamu da ruwa mai kwanciya.