IGIYA DA ANINI

'Yar'uwa, in kika ga soja, dubi hannun rigarsa sannan ki dubi kafaɗarsa, domin a nan labarinsa yake. Mai igiya a hannu ƙaramin soja ne: igiya ɗaya las kofur, biyu kofur, uku saje. Mai anini a kafaɗa kuwa shi ne hafsa: anini biyu laftanar, uku kyaftin, in ya zama manjo sai a ɗora masa mikiya. Kanar mikiya ce da anini biyu.

To amma kin san an yi zamanin da baƙar fata bai isa ya ɗaura anini ba ko da ya fi kowa jarunta?

Asalin sojan Nijeriya daga mutum 18 ne kacal, 'yan Arewa, waɗanda wani Bature mai suna Gilóba ya tara a Ikko a 1863, har ana kiransu Hausawan Gilóba. Da tafiya ta yi tafiya, a 1897 aka ba Lugga aikin kafa rundunar Afirka ta Yamma. Hausa ce harshen bariki a lokacin, hafsoshin Turawa ma sai da suka koye ta. Shi ya sa sunayen nan suka zauna a bakinmu daram, kurtu, kofur, saje, samanja, kamar da su aka haife mu. Ita kalmar anini ma sunan kuɗi ne, ɗan ƙaramin kuɗin nan mai huji da tauraro a jiki, wanda goma suke yin kwabo ɗaya.

Sai dai fa iyakar ɗan ƙasa ita ce samanja. Mutum ya je yaƙin Bama, ya sha ruwan sama da na harsashi, ya dawo da furfura, amma ya ƙame wa yaron Bature da bai kai ɗan cikinsa ba. Sai a 1948 aka fara ba ɗan Nijeriya muƙamin hafsa. Zakariya Maimalari, wanda ya yi karatun soja a Ingila, ya sami nasa a 1953, ya kai birgediya kafin a kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. A 1965 ne Agwiyi Ironsi ya karɓi shugabancin rundunar daga hannun Bature na ƙarshe. Bayan samun mulkin kai ne kuma aka cire kambin sarautar Ingila daga kafaɗa, mikiya ta hau wurinsa. Mu mata ma ba a bar mu a baya ba, don a 1994 likita Aderonke Kale ta zama manjo janar.

Abin da nake son ki riƙe shi ne, masu igiya su suka ɗauki aikin nan shekara tamanin da ɗoriya kafin anini ya sauka a kafaɗar ɗan ƙasa. Amma yau sai ki ji budurwa tana yatsina wai ita ba ta auren kofur, sai mai anini. Haba 'yan mata! Ko kin san matar kofur ɗin nan da kike rainawa, ita ce ke riƙe da yara a ɗaki ɗaya cikin bariki, wata shida, shekara, ba ta san ko mijinta zai dawo da ƙafarsa ba?

In mai igiya ya zo neman aurenki, bincika halinsa kamar yadda za ki bincika na kanar. In kuma maƙwabciyarki matar saje ce mijinta yana daji, ki leƙa ta ko da da ƙwaryar tuwo ce.